Ranar da Haruli Mai Madara Ta Bi ta Ƙofar Gaba

A wurin Haruli Devi, Nainital gari ne kawai da ke ƙarshen wata gangara mai cin gwiwa. Shekara talatin da huɗu tana saukowa daga ƙauyensu kowace safiya da tulun ƙarfe a ka, cike da madarar ɓaunayen kiwonta biyu. Ta fara ne shekarar da mijinta, Diwan Singh, ya faɗo daga bishiya yana sarar wa dabbobi ganye, ƙugunsa ya goce, bai sake moruwa a gona ba. Da wannan tulun ta ciyar da gida, da shi 'yarta Nandi ta yi karatu har ta zama nas a Haldwani.

Wani babban otal a bakin tafki take kai wa madarar. Takan bi lungun baya inda ake tara shara, ta miƙa wa kuku, ya dubi tulun ya yatsine fuska ya ce, "Yau ma ta yi ruwa-ruwa." Ita kuwa ba ta taɓa ɗiga ko cokali ɗaya na ruwa ba. Sai ta haɗiye maganar ta kama hanyar hawa.

A tsakiyar watan Mayu, lokacin da zafi ke koro mutanen birane su cika garin maƙil, Nandi ta zo hutu.

Ta ce wa uwar, wadda take kira Ija, wato Inna a harshensu, "Ija, gobe ba za ki ɗauki komai ba. Matar kawu za ta kai madarar. Mu ma mu je mu zauna bakin tafki kamar mutane."

Haruli ta ce, "Da can mene ne mu? Awaki?"

Amma da gari ya waye ta buɗe akwati. Ta fito da mayafinta rawaya mai ɗigon ja, wanda ba ta yafawa sai biki, ta saka zoben hancinta na zinariya, faɗinsa ya kai tafin hannu. Diwan Singh ya dube ta daga kan gadonsa ya ce kada dai a sace masa mata. Ta ce wanda ya sata zai dawo da ita kafin azahar.

Ba su yi taku hamsin a titin bakin ruwa ba wata mata mai baƙin tabarau ta dafa kafaɗar Haruli, ta manna kuncinta da nata, ta ɗaga waya. Ko gaisuwa babu. Kafin Haruli ta gane abin da ake ciki, mijin matar ya tura mata 'ya'yansu biyu a gaba yana cewa, "Kaka, ɗan yi murmushi mana! Juyo da zoben nan ta wajen haske." Da suka gama ya cusa mata takardar rupi ashirin a hannu.

Haruli ta dubi takardar, ta dubi mutumin.

"Wannan na mene ne?"

"Na hoto, Kaka."

"Bara ka ga ina yi? Ko a gidanku haka ake kama uwar mutane a tsaya da ita kamar dokin haya?" Ta saki takardar ta faɗi kan takalminsa.

Tana cikin huci sai ga mai rumfar hoto, irin masu ba baƙi aron kayan mutanen dutse su saka a ɗauke su, ya taho yana kumfar baki. Wai nan wurinsa ne, ta je can gaba ta yi sana'arta.

Ta ce, "Kai, dube ni da kyau. Wannan mayafin uwar mijina ce ta yafa mini ranar aurena. Naka tsummokaran da suka sha gumin kowa, su ne na haya."

Nandi ta ja hannunta. "Ija, rabu da su. Zo mu sha shayi."

"To, a otal ɗina za mu sha."

A ƙofar otal ɗin, Trilok maigadi ne ke tsaye, mutumin da ta sani tun yana saurayi, wanda ta sha tsiyaya wa madara a kofinsa lokacin sanyi. Da ya hango ta sai ya matso ya tare hanya, ya rage murya, ya kira ta Didi, wato Yaya.

"Didi, ta baya mana. Kin san ƙa'ida."

"Ka ga tulu a kaina?"

"A'a, amma manaja yana ciki, kuma akwai baƙi."

"Yau ni ce baƙuwar. Matsa, Trilok, kafin in faɗa wa mutanen nan wanda ya ɗaure maka ƙafa ranar da ka sha ka faɗa kwata."

Ya matsa.

Suka zauna kusa da taga. Daga nan ana ganin tafkin gaba ɗaya, kore shar, kwale-kwale masu launi suna yawo a kansa, duwatsu sun kewaye shi. Haruli ta zuba ido tana kallo, har fuskarta ta fara sakewa. Sai aka kawo shayi. Ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe a baki, ta ajiye kofin a hankali.

"Wace madara ce wannan?"

Mai kawo abincin ya ce, cikin alfahari, "Ta ƙauye ce, Inna, tatsar yau da safe. Ba mu haɗa ta da komai."

Nandi ta ce, "Ija, don girman zumunci, zauna," amma ina, ta riga ta miƙe. Hanyar kicin ba baƙuwarta ba ce. Ta tura ƙofar, zoben hancinta yana rawa. Ga tulunta da matar kawu ta kawo a kan tebur, ga kuku riƙe da buta yana tuttula ruwa cikin tukunyar madara. Ya daskare a haka.

Ta ce, "Ci gaba mana. Ƙara. Gobe in na zo sai ka ce ta yi ruwa-ruwa."

"Didi, baƙi sun yi yawa ne, ba ta isa..."

"Shekara nawa kana kallon tsabar idona kana mai da ni maha'inciya? Ni da nake tashi hannuna na ƙanƙara in yi tatsa! Ashe ɓarawon yana nan da farar hula!"

Muryarta ta kai har ɗakin cin abinci, cokula suka tsaya. Manaja ya shigo da sauri yana gyara wuyan riga, ya tambayi kuku wace ce wannan. Wannan tambayar ta fi komai ƙona mata rai. Manajan ya shekara tara a otal ɗin.

Ta ce masa, "Tambayi shayin da kake sha kullum."

Ta ɗaga tulunta, ta juye abin da ya rage a tukunyarsu don kada a ce ta tafi da kayan wani, ta aza shi a ka bisa mayafin biki, ta ratsa tsakiyar teburan baƙi ta fita. Nandi ta biya kuɗin shayin ta biyo ta, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya.

Daga ranar ba ta sake taka lungun otal ɗin ba. Sau biyu suna aika mata, ta ce ɓaunayen ne suka ƙi. Yanzu gidaje shida take kai wa a unguwar malaman makaranta, gangarar ta fi tsawo, gwiwar kuma ba ta ƙara lafiya ba. Nandi ba ta sake kawo zancen yawon shan iska ba. Haruli ce ma ke cewa baɗi za ta koma bakin tafkin, ta tafi da maƙwabciyarta Bachuli, wadda a ƙauyen kowa ya san ta fi ta baki.