Tumatirin da Ya Dahu Yana Jiran Farfesa

Ko tsufa ya sa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da wani yini a garin Kura. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, ina ƙaramin malami a sashen injiniyan aikin gona.

Farfesanmu ya yi shekaru yana ƙera akwatin busar da tumatir da zafin rana, don yana takaicin ganin manoma suna shanya shi a ƙasa, yashi da awaki suna ɗibar rabonsu. Ana cikin haka aka naɗa shi mataimakin shugaban jami'a. Mutumin da muka saba gani da baƙin mai har gwiwar hannu ya koma babbar riga da taro. Tumatir kuwa ba ruwansa da taro, in lokacinsa ya wuce sai baɗi.

Da ƙyar ya samu yini guda. Wani dattijon manomi ya yarda a gwada da tumatirinsa, maƙwabta suna ta yi masa dariya. Aka yayyanka, muka jera a kan raga cikin akwatin, muka rufe. Saura a buɗe kafofin iska a kunna fanka, sai aka kira Farfesa cewa ɗalibai sun tare ƙofar jami'a. Ya ce mu jira shi, yanzu zai dawo.

Da rana ta take, na ce wa dattijon bari in buɗe. Ya girgiza kai. "A'a ɗan nan, ba a buɗe sabon abu mai shi ba ya nan. Shi zai yi bisimilla." Mu ma a jami'a haka muka taso, ƙarami ba ya ƙaddamar da aikin babba. Waya kuma ta ƙi shiga. Muka zauna bakin magudanar ruwa muna kallon hanya.

Da la'asar akwatin ya fara wari, tumatirin ya dahu cikin ruwansa. Kafin magariba labari ya kai har garin Bunkure, wai injin 'yan boko ruɓar da kaya yake yi. Daga nan ba wanda ya sake ba mu ko kwando ɗaya.

Ranar da Farfesa ya yi ritaya na raka shi mota, ya ce mini a hankali, "Ka san da can ni injiniya ne." Har yau maganar tana sosa mini rai. Abin da na koya shi ne, wanda ya hau kujera ya miƙa aikin hannunsa ga na baya tun da wuri, kuma ya faɗa musu da bakinsa cewa ya sakar musu.