Telan da Tsoronsa Ya Yi Kasuwa

Shagon Tela shi ne na ƙarshe a layin, jikin babban ginin kasuwanci mai benaye. Keken ɗinki biyu ne a ciki, na ƙafa da na lantarki, kuma na ƙafar ne ke ciyar da gida, don wuta sai ta ga dama take zuwa. Hannunsa na da kyau, kuma yana cika alkawari fiye da yawancin teloli: idan ya ce Litinin, to ranar Alhamis kayanka sun kammala. Amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da tsoron abu biyu, hawainiya da lif, akwatin nan mai hawa bene da mutane.

Na hawainiya gado ne. Kakarsa ce ta gaya masa tun yana ƙarami cewa duk wanda hawainiya ta hura wa numfashi, fatarsa za ta yi dabbare-dabbare har ƙarshen rayuwarsa. Kakar ta rasu, shi ya yi furfura, bai taɓa ganin wanda abin ya sama ba, amma ya ce wannan shaida ce mutane suna kiyayewa. Ranar da wata hawainiya ta faɗo daga bishiyar ƙofar shagonsa, ta taga ya fita da tef ɗin awo a wuya, ya bar mutumin da yake aunawa tsaye da hannuwa a shanye.

Na lif kuwa da guminsa ya samo. Masu sayar da zare da maɓallai suna can saman ginin, lif ɗin kuma na gilashi ne, daga ƙasa ana ganin duk wanda ke ciki. Tela ya ce ba zai shiga akwatin da igiya ke riƙe da shi ba, don shi ya san zare, ya san igiya, bai taɓa ganin wanda ba ya tsinkewa ba. Sai ya bi matakala, ya isa yana haki kamar wanda aka koro.

A gindin bishiyar nan Mai Takalmi yake zama da gudumarsa da gam. Shi ne aminin Tela, kuma shi ne ya fi kowa yi masa tsiya. Da ciwon sukari ya ci ƙafarsa ta hagu aka yanke ta ƙasa da gwiwa, Tela ne ya karɓi wandunansa, ya naɗe ƙafar hagun kowanne ya ɗinke. Yinin ranar bai yi wa kowa magana ba.

Ƙungiyar 'yan kasuwar layin ta ce za ta tara wa wata gidauniya kuɗi, mai yi wa irin waɗannan mutane ƙafar roba, da sharaɗin a fara da Mai Takalmi. Aka zaga da kwali shago-shago. Kowa ya girgiza kai, kowa ya yi addu'a. Da aka dawo, addu'a ta cika kwalin, kuɗi kuwa ko gindinsa ba su rufe ba.

Ciyaman na ƙungiyar, mai shagon fenti, shi ya zo da dabara a taro na gaba. Ya ce a waya ya gani: mutum ya yi abin da yake tsoro a bainar jama'a, jama'a su biya don taimako.

"To wa ke tsoron me?" ya tambaya.

Nan take layin ya cika da jarumai. Mai Siminti, wanda ya fi kowa kuɗi a wurin, ya ce shi Allah kaɗai yake tsoro. Mai kemis ya ce shi ma haka. Sai kawuna suka juya wuri ɗaya.

"Me kuke kallona?" in ji Tela.

"Lif na gilashi, hawainiya a kafaɗa," Ciyaman ya ce. "Sama da ƙasa kawai. Tela, garin nan kaf zai zo."

"Ku ƙyale shi," Mai Takalmi ya ce daga kan kujerarsa mai taya. "Gara in zauna da ƙafa ɗaya da a ce ni na yi sanadin gawa."

Aka yi dariya. Tela ya dubi wandon da ya ɗinke da hannunsa, ya ce, "A sa rana."

Da ya gaya wa matarsa, ta ajiye ludayi ta dube shi. "Baban yara, kai da ko a littafin yara ka gan ta sai ka rufe shafin?" Duk da haka ita ce ta je wajen mai sayar da furanni ta samo hawainiya a kwando, ta rataye a bayan shago.

Tela ya ɗauki abin kamar ɗinki mai wuya, kaɗan-kaɗan. Da farko daga ƙofa yake leƙenta. Daga baya ya jawo kujera. Ya lura ba ta da gaggawa, ba ta shiga harkar kowa, ido ɗaya a kansa, ɗaya a ƙofa, kamar matarsa idan ya yi baƙi. Ranar da ya fara miƙa mata hannu ta buɗe baki ta hura masa iska. Ya yi kwanaki yana tuɓe riga a gaban madubin shago yana duba bayansa. Fata tana nan yadda uwarsa ta haife shi. Daga nan ya fara kama mata ƙuda.

Lif kuwa da sassafe yake zuwa, kafin a buɗe shaguna. Hawan farko a ƙasa ya zauna, ido a rufe. Mai gadin ginin ya ji tausayinsa, ya kai shi can sama ya nuna masa igiyoyin ƙarfen da ke jan akwatin. Tela ya daɗe yana duban saƙarsu kamar mai duba yadi, sannan ya ce, "Wannan ba zare ba ne." Kafin ranar ta zo, yana hawa yana danna maɓalli da kansa.

Bai gaya wa kowa ba. So yake ya ba layin mamaki, a daina yi da shi. Har sabuwar riga ya ɗinka wa kansa, kuma ya gama ta a kan lokaci.

Ranar, filin ginin ya cika maƙil. Wasu sun rufe shago, wasu sun zo da 'ya'yansu, kowa ya ɗaga waya. Ciyaman ya tsaya da kwali, Mai Takalmi a gefensa. Mai Siminti ya fito da walat ɗinsa tun da wuri, yana kaɗa ta yadda kowa zai gani.

Tela ya shiga lif da hawainiya a kafaɗa. Ƙofa ta rufe, akwati ya tashi. Ya tsaya cak kamar mai jiran hoto, ya ɗaga wa jama'a hannu, har ya shafa bayan hawainiyar da yatsa.

Jama'a ba su tafa ba. Ta gilashi ya ga wayoyi suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ya ga Mai Siminti ya mayar da walat aljihu ya danne da hannu. Na baya-baya sun fara juyawa. Yana isa sama wayarsa ta yi ƙara.

"Tela, wane irin cin amana ne wannan?" Muryar Ciyaman ce. "Mutane sun bar sana'arsu sun zo, kai kana shafa ta kamar mage? Cewa suke yaudara ce, dama ba ka tsoro."

"Ai na warke ne, Ciyaman. Ba shi aka ce in yi ba?"

"Wa ya ce ka warke? Cewa aka yi ka shiga! Kwali wayam, ka ji ko?"

Tela ya leƙa ƙasa. Daga nan Mai Takalmi ɗan ƙarami ne, shi kaɗai yake tafa hannu, naɗaɗɗiyar ƙafar wandon tana lilo a bakin kujera. Tela ya dubi sabuwar rigarsa. Ya sauko da hawainiyar daga kafaɗa, ya rufe ta a tafin hannu don kada ta ji ciwo, sannan ya danna maɓallin sauka.

Ihun da ya kurma har masu zare na sama suka fito. Ya daki gilashi, ya durƙusa, ya kira uwarsa da ta daɗe da rasuwa, ya kira kakarsa. "Wayyo Inna! Ta hura min! Ku buɗe!" Ya yi birgima, rigar ta yage a hammata.

Filin ya ɗauka. Wayoyi suka koma sama. Mai Siminti ya yi dariya har ya dafa bango, ya zaro kuɗi bai ko duba ba, ya ce zai ƙara idan aka sake. Aka sake. Mai kemis ya biya na gaba. Tela ya yi ta hawa yana sauka yana ihu har muryarsa ta dashe, kwali ya cika aka nemo bokiti. Mutanen da aka bi shago-shago suka ba da addu'a, yau turereniya suke yi.

Da aka gama, Mai Takalmi ya tura kujerarsa kusa da shi. "Tela, na san ihunka na gaske. Wannan ba shi ba ne."

"Rufe min baki," Tela ya ce da dasasshiyar murya. "Kada ka ɓata min suna."

Bidiyon ya zaga ko'ina. Yanzu sunansa Wayyo Inna, har a bakin waɗanda ba su taɓa kawo masa ɗinki ba. 'Yarsa ta yi mako ba ta son zuwa makaranta. Ya gwada gaya wa mutum biyu cewa wasa ya yi, suka ce ai kowa haka yake cewa.

Bayan 'yan watanni Mai Takalmi ya shigo shagon a tsaye da ƙafar roba, yana ɗingishi kaɗan, da wandunansa a leda. Ya zube su a kan tebur.

"Warware aikinka, matsoraci."

Tela ya ɗauki reza ya bi ɗinkin a hankali, ya sauke ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya goge karin naɗin. A wannan karon bakinsa bai yi shiru ba, tsiya suka yi ta yi har la'asar.

Ciyaman ya leƙo kafin su tashi. Ya ce gidauniyar tana da sauran mutane a layi, ƙungiya kuma ta riga ta yi alkawarin maimaita wasan baɗi, don haka yana roƙon arziki kada a ga Tela kusa da lif da rana tsaka. Tela ya ce ya ji.

Har yanzu idan zare ya ƙare, matakala yake bi, yana haki, 'yan layin suna yi masa ihu daga ƙasa. Lif sai da sassafe, shi da mai gadi. Hawainiyar kuwa tana bayan shago a kan wata 'yar shuka, kuma ba ta rasa ƙuda.