Tsintsiya da Allura

Ban taɓa mantawa da ranar da na faɗa ofishin metiron, wato shugabar nas-nas, ba tare da an kira ni ba. Lokacin soja ba su daɗe da miƙa wa farar hula mulki ba, ina aikin shara da goge-goge a wani asibitin kuɗi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Gwamnati ta yi ƙarin albashi, sai mai asibitin ya ƙara wa nas-nas don kada su gudu aikin gwamnati. Mu leburori ko sisi.

Na ce, "Hajiya, mu ke kwashe amai da jini, mu ke juya mara lafiya. Me muka yi aka tsallake mu?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Zauna, Binta. Wahala kam kun fi mu sha. Amma in kika ajiye tsintsiyar nan da safe, kafin azahar mata sun cika bakin ƙofa suna nema. In nas irin Sista Grace ta tafi, sai in yi wata da watanni ban sami mai iya gano jijiyar jariri kamarta ba. Mai asibitin ba gumi yake saye ba, abin da ke wuyar samu yake saye."

Maganar ta ƙona mini rai, don babu ƙarya a ciki. Na ce to ta bar ni a aikin safe zalla, zan shiga makarantar manya ta yamma a Tarauni. A ƙa'ida leburori karɓa-karɓa suke yi, safe da yamma. Ta ce ba za ta karya doka don mutum ɗaya ba, sai in na sami mai riƙe mini yamma. In kuma aka yi fashi, a bakin aikina.

Talatu ce ta yarda, abokiyar sharata da mijinta ya rasu ya bar mata yara. Ta ce, "Ni ko kuɗin littafi ba ni da shi. Ke je ki."

Sai a zama na biyu na ci jarrabawar sakandare. Na wuce makarantar kiwon lafiya, na yi ritaya ina duba masu ciki. Talatu da tsintsiya ta tsufa, kuma wallahi ta fi ni kai.

Ku 'yan baya a aikin asibiti, takarda ke raba albashi, amma ba kowa ke samun sararin nemanta ba. Duk wanda kuka ga ya hau, akwai wanda ya riƙe masa tsani. Ranar da lebura ya zo muku neman canjin lokaci don karatu, kada ku ce masa sai gobe.