Rufin Gidanmu Ya Tafi Gummi

Mun tashi daga Anka ana sallame sallar asuba, ni da ƙanen marigayi maigidana. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, ɗaki guda nake haya ni da yara huɗu. Yanzu mai ɗakin ya ce shago zai mayar da shi bayan salla. Shi ya sa na yi niyyar sayar da gidanmu na ƙauye, ko na samu ɗan fili a bayan gari.

A mota hirar kowa ta muhalli ce. Duk zauren da ke kallon titi a Anka an fasa shi an sa ƙofar shago, haya kuwa kullum hawa take, don ƙauyuka sun juye cikin gari. Wata tsohuwa ta ce ko akurkin kajinta ta share, ba za ta rasa ɗan haya ba. Muka yi dariya, ba don daɗi ba.

A Bukkuyum muka sha fura, muka ɗauki dillali. Kuɗin mashin zuwa ƙauye ya fi na mota, saboda tsoron hanya. Gonakin gero duk sun koma ciyawa.

Gida yana nan, har tudun bayan ɗakina inda aka binne cibiyar yarana. Dillali bai ko leƙa ɗaki ba, sama yake ta kallo.

Ya ce, "Inna, wa ka sayen gida inda ba a kwana? Kwanon rufi da azara su ka da kuɗi. Gummi za a kai su, can aka ginin shaguna."

Na ce, "To bangon fa? Maigidana da hannunsa ya gina shi."

"Bango rabon damina ne, Inna."

Sai lokacin na lura duk gidajen maƙwabta babu rufi. Na amince. Na zauna gindin darbejiya ina jin ƙarar cire ƙusa har azahar. Ƙofar ɗakina kaɗai na hana, aka ɗaure ta a bayan mashin.

Mun dawo Anka kafin magariba. Kuɗin bai kai na fili ba, sai dai hayar wani ɗakin. Na gane ashe maƙwabta da barcin lafiya ake saye, ba gini ba.

Ƙofar tana jingine a bango. 'Yata ta tambaye ni ta wane ɗaki ce. Na ce ta dai riƙa goge ta.