Ranar da Na Ce Baba Ta Dawo

A Agege ta Ikko aka haife ni, a wani gida mai ɗakuna jere kusa da layin dogo. Babanmu fataucin goro yake yi, ƙofar da ke kallon tamu kuwa ta Yarabawa ce, inda ƙawata Risika take. Tare muka tashi, kwano ɗaya, rijiya ɗaya. Yarabanci ya zauna a bakina daram, Hausata ce dai take ɗingishi ban sani ba.

Bayan sallar isha kakata Inna Dela takan zauna gindin murhu, ta jefa ɓawon lemo a garwashi saboda sauro, mu kewaye ta har da yaran maƙwabta tana mana tatsuniya. Wanda ba ya jin Hausa, ni ke juya masa da Yarabanci.

Ina 'yar shekara sha huɗu ɗan kawuna Sabi'u ya zo daga Kano. Ran nan na hango Baba, na ruga ciki ina cewa, "Baba ta dawo!" Sabi'u ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ta dawo? Da zane ko da kallabi? Ke dai Bayarabiya ce aka yi wa sunan Hausa."

Wallahi maganar ta soke ni. Yarabanci ba ya raba namiji da mace, mu 'yan Ikko duk haka muke kwaɓawa, amma ban taɓa jin kunyar abin ba sai ranar. Na rantse na bar Yarabanci. Risika ta gaishe ni da safe, na ɗauke kai. Ta sake, na sake. Daga nan ta daina zuwa hira, sauran yaran ma suka janye.

Inna ta ƙyale ni 'yan kwanaki. Wani dare ta dubi wurin zaman Risika, ta gyara murya.

"Ga ta nan, ga ta nanku, yanzu ta sauko daga jirgin Kano."

Na ce, "Ta zo mu ji ta."

Wai kwaɗo ne ke zaune bakin tafki, yana hira da na ruwa, yana hira da na tudu. Kifi ya ce masa, "Kai wannan iyon naka abin dariya ne, duk ƙurar tudu ta ɓata ka." Kwaɗo ya ji haushi, ya nutse, ya daina kula kowa a waje. Rani ya yi, tafki ya soma ƙafewa, ga kogi can bayan gaɓa amma ba hanya. Gafiya ce kaɗai ta iya haƙa, ba ta kuwa jin yaren kifi. Kifi ya dawo yana lallashi: "Ɗan'uwa, fita ka yi mata magana." Kwaɗo ya fita, ya ba gafiya haƙuri, ta haƙa rami, ruwa ya shigo.

"Ƙurunƙus," in ji Inna. "Ke kuma 'yar nan, tsami ya ishe ki haka. Tashi ki kai wa uwar Risika goron nan."

Na kai, ina jan ƙafa. Risika ta harare ni, na harare ta, dariya ta kubce mana. Har muka aurar da 'ya'yanmu ba mu sake ɓatawa ba.

Na daɗe ina zaton Sabi'u ne kifin, ina jin daɗin an rama min. Sai ranar rasuwar Inna, uwar Risika ta riƙe hannuna tana kuka. Ta ce duk zaman da suka yi ƙofa da ƙofa, Inna ba ta iya Yarabanci ba sai gaisuwa, ita ma Hausarta iyakarta ke nan. Duk hirarsu da gulmarsu ta bakina take bi. Kwanakin da na yi gaba da Risika, wai zama suke yi su kalli juna su yi murmushi, kowa da magana cike da ciki.

Ashe tsohuwar nan ba faɗa take min ba. Roƙona take yi in mayar mata da ƙawarta.