Faɗuwar da Ba Kisa Ba

Gidanmu a Jega gidan mahauta ne, dambe kuwa gadonmu ne. Babana ya yi tashe a zamaninsa, har ranar da aka kashe shi a Maiyama, wato gwiwarsa ta taɓa ƙasa a gaban jama'a. Tun daga nan bai sake ɗaure hannu ba. Ni kuma tsoron irin wannan kunya ya hana ni shiga fili, sai tumbi da na yi ta tarawa a bakin teburin nama.

Na haura arba'in lokacin da wani abokina direba ya ja ni Aliero, wurin wani tsohon soja mai koyar da damben da ake haɗawa da shuri, wai shi kikbosin. Kayan aikin duka buhun yashi ne rataye a dalbejiya, sai safar dambe masu warin gumi.

Ranar farko na gyara tsayuwa irin ta gidanmu. Na buɗe ƙafafu, na miƙa hagu gaba, na kai dama can baya kamar wanda ya sato ƙwai. Malamin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mi kaka ɓoyo baya? Hannu biyu Allah ya ba ka, maido su ga haɓa!"

Ya koya mini naushi da hagu, da juya dunduniya in kai wa buhu duka da ƙwauri. Shurina na farko silifa ce ta tashi ta sami akuyar mutane. Wallahi rabona da jin daɗi irin wannan tun ina yaro.

Ana nan sai Baba ya ce zai bi ni ya gani. Ranar aka haɗa ni da direban, ina ɗaga ƙafa santsi ya kwashe ɗayar, sai ga ni a ƙasa tim. Kunya ta rufe ni. Na fara kwance safa da haƙori, na kasa duban inda Baba yake zaune.

"Ina za ka?" in ji malamin.

"An kashe ni."

"Nan ba a kisa. Tashi ku ci gaba."

Baba ya dogara sanda ya miƙe. "Malam, kana nuhin in mutum ya hwaɗi, tashi shikai shi koma?"

"Ƙwarai, Baba."

Baba ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Ya nuna ni da sanda. "To kai mi kaka jira?"

Na tashi. Na sake faɗuwa, na sake tashi, yana ta yi mini kirari irin na mahauta.

A mota muna komawa Jega, sai Baba ya dafa gwiwarsa ya ce, "Da haka anka yi min Maiyama, da ban bari ba. Gobe ka tambayo min ko akwai safad da ka shiga hannuna."