Tafireta a Ɗakin da Ba a Magana

A layin masu shaguna babu wanda ke kiranta da sunan yanka. Tafireta kowa ke ce mata, har yaran da aka haifa bayan an daina amfani da tafireta. Wasu sun ce saboda saurin yatsunta ne, amma waɗanda suka zauna kusa da ita sun san saboda bakinta ne. Ba ta iya aiki shiru. Idan tana buga takarda, tana karanta ta da ƙarfi, tana gyara wa mai ita magana, tana yi wa firinta faɗa in ta cinye takarda. Teburinta na can kusurwar shagon buga takardu, tsakanin injin kwafi da fanka mai kuka, kuma a kansa ta ci, ta sha, ta riƙe kanta da mahaifinta shekara da shekaru.

Sai zamani ya juya mata baya. Kowa ya koma rubuta abinsa a waya. Masu shigowa yanzu tambaya ɗaya suke yi: ana yin shafin intanet a nan? Ranar nan mai shagon ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya.

“Anti, wallahi ba da son raina ba ne. Teburin nan ba ya kawo komai. Mai gina shafi nake so in zaunar a kai, mai takardar shaida, don masu kawo aiki sai sun gan ta a bango.”

“To ni fa, Maigida? A gwanjo za ka sa ni?”

“In kin kawo takardar kafin in samu wani, teburinki ne.”

Ta yi dariya a gabansa, amma a hanyar gida dariyar ta gushe. Tsoro ta ji na gaske. Mace ta ba arba'in baya, ina za ta fara neman wani tebur?

Ta shiga ajin koyon gina shafuka na ƙarshen mako, cikin samari da 'yan mata da suka tashi suka ba ta kujerar gaba, a zatonsu ta zo biya wa ɗanta kuɗin makaranta ne. Malamin ya koya musu yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, layi bayan layi: nan hoto, nan rubutu, nan maɓallin da in an danna zai yi kaza. Tafireta ta gane karatun sarai. Matsalar ita ce da ta koma gida ta buɗe tsohuwar kwamfutar da ta aro, sai shafin ya fito fari fat, kamar ba ta rubuta komai ba.

A nan Baba, mahaifinta, ya shigo cikin lamarin. Tsohon direban babbar mota ne, gwiwa ta zaunar da shi, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ba shi da abokin hira sai rediyo. Yana daga tabarmarsa ya ji ta tana zazzaga wa kwamfuta masifa.

“Uwata, da wa kike faɗa tun da safe?”

“Da wannan marar kunyar, Baba. Na ce mata ta sa hoto a nan, ta ƙi.”

“Kin gaya mata inda hoton yake?”

“Na gaya mata mana! Ga shi nan na ce...” Sai ta sake duban allon. Ba ta gaya mata ba.

Daga ranar Baba ya samu aiki. Kullum bayan ta dawo daga shago, zai jawo kujera, ya rage muryar rediyo, ya harɗe hannu kamar alƙali. Ko kunna kwamfuta bai iya ba, kuma linzaminta ma ɓera yake ce masa. Abin da ya iya shi ne tambaya irin ta wanda bai san komai ba: wannan na mene ne, wa ya aike shi, daga nan sai ina. Ita kuma garin yi masa bayani sai ta ci karo da kuskurenta da kanta. Wani lokaci barci yakan sace shi, ta ci gaba da yi wa hularsa bayani, kuma aikin ya gyaru. Da ya farka sai ya ce, “Ai na san za mu kama shi.”

Ana gobe jarrabawa malamin ya karanta musu dokoki. Ba waya, ba littafi, ba magana. Tafireta ta ɗaga hannu.

“Malam, ko da ni kaɗai nake yi da kaina?”

“Ko da ke kaɗai, Anti. Wanda aka ji bakinsa, waje.”

Baba ya ce sai ya raka ta. Ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki sanda, suka shiga mota tare. Mai gadin cibiyar jarrabawar ya tsayar da shi a ƙofa, ya ba shi benci a inuwa. “Ki shiga, Uwata,” in ji Baba. “In kwamfutar ta yi miki gardama, kada ki raga mata.”

Ɗakin sanyi ƙalau, kwamfutoci a jere, ba ka jin komai sai ƙarar maɓallai. Tambayoyin farko ta wuce su tana cije leɓe. Sai aka zo babban aikin: a gina shafin shago, inda mai saye zai rubuta sunansa, ya danna maɓalli, saƙon godiya ya fito. Ta gina shi tsaf. Ta danna maɓallin. Shiru. Ta sake dannawa. Ko gezau.

“Kai, wannan ɗan...”

Mai sa ido, wata doguwar mata mai tabarau, ta ɗago kai. “Hajiya, wannan na farko ne. Ba na biyu.”

Gumi ya karyo mata duk da sanyin ɗakin. Maganar ta taru a maƙogwaronta, ta rasa ta inda za ta fita, kuma kanta ya tsaya cak tare da ita. Agogon kusurwar allo yana ta cin lokacinta. Sai ta tuna cewa a cikin rubutun umarni akwai wurin da mai gini ke barin bayani don kansa, wanda kwamfuta ke tsallakewa ba ta karantawa. Ba a hana yatsu magana ba. Ta gyara zama, ta fara bugawa.

“Baba, ka ga nan na ce wa umarnin nan ya je ya nemo maɓalli. Wanda ya shirya tambayar nan ko tausayi ba shi da shi. Za ka ce min, a ina zai same shi? To ai maɓallin yana can ƙasa, ni kuma na aike shi tun daga sama...”

Yatsunta suka tsaya. Ta aiki ɗan aike neman maɓalli tun kafin a gina maɓallin. Ta kwashe umarnin ta mayar da shi ƙasa, ta danna, saƙon godiya ya fito ɓaro-ɓaro. Da ƙyar ta haɗiye guɗa. Ana cewa lokaci ya cika ta tura aikin, ta fito tana rawar kafaɗa. Sai da suka hau mota ta dafe ƙirji.

“Na shiga uku, Baba! Ban goge hirarmu ba. Har da inda na ce mai tambayar ba shi da tausayi.”

“Ƙarya kika yi masa?”

“A'a.”

“To ki bar shi ya ji.”

Kwanakin jiran sakamako ba ta ji daɗinsu ba, musamman da ta ga wani saurayi mai jakar kwamfuta ya zo sau biyu yana hira da mai shagon, yana kallon teburinta kamar mai auna ɗaki. Tana cikin yi wa wata mata kwafi wayarta ta yi ƙara. Saƙon sakamako ne: ta ci jarrabawar, kuma da maki mai kyau. A ƙasa mai dubawa ya ƙara layi ɗaya: aiki ya yi, amma a riƙa share hira kafin a miƙa, kuma a gaida Baba.

Mai shagon da kansa ya buga ƙusa a bango don takardar. Ya tambaye ta abin da take buƙata, sabuwar kwamfuta ko fanka marar kuka.

“Kujera ɗaya, mai hannu, a nan gefena.”

“Ta masu kawo aiki?”

“Ta Baba. Ba na iya aikin nan ni kaɗai.”

Da yamma ta gaya wa tsohon. Ya juya fuska wajen bango, ya daɗe yana gyaran murya. Ita ma idonta ya kawo ruwa, don sai a lokacin ta gane cewa tun da aka gama jarrabawa yake zaton an sallame shi. Can ya juyo ya tambaye ta ƙarfe nawa ake buɗe shago, kuma ko ta goge masa rigar gobe.